Wata Bakwai Ina Shan Maganin Tayirod, Gwaji Ya Ce Komai Daidai, Amma Gajiyar Ba Ta Sake Ni Ba

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan lalura. Wata bakwai ke nan da likita ya tabbatar mini cewa tayirod ɗina ya yi rauni, wato ɗan ƙululun nan da ke gaban wuya ba ya fitar da sinadarin da jiki ke buƙata yadda ya kamata. Kafin a gano, na shafe fiye da shekara ina shan maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, domin duk inda na je na ce jikina ya mutu, su ake fara rubuta mini. Gashina ya yi ta zuba har na daina ƙananan kitso, fatata ta bushe, dugadugaina suka yi faso, ina iya kwana uku ban zaga ba, kuma a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da kowa ke kwana a tsakar gida saboda zafi, ni ina ɗaki lulluɓe da bargo. A gwajin farko TSH ɗina, wato lambar da ake aunawa a jini don sanin ƙarfin aikin tayirod, 28 ne. An ɗora ni a kan ƙwayar maganin tayirod mai suna lebotairosin, maikurogiram 50, daga baya aka kai shi 75, yanzu kuma takarda ta nuna 3.8, likita ya ce ya dawo daidai.

Jin sanyin ya ragu, ban musa ba, amma gajiyar tana nan daram. Ina koyarwa a makarantar firamare, kuma tun kafin azahar sai in ji kamar an ɗora mini turmi a kafaɗa, ina cikin yi wa yara bayani kalmar da nake nema ta ɓace mini. Surukata ta ce tunda asibiti sun ce na samu lafiya, abin da ya rage son jiki ne. Wata ƙawata kuma ta ce in ajiye ƙwayar in gwada na gargajiya. Tambayata biyu ce. Akwai wanda takarda ta ce ya warke amma jikinsa bai shaida ba? Kuma da gaske ne har ƙarshen rayuwa ake shan wannan magani?

Uwar_Biyu:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Shekarata tara a kan wannan ƙwaya, don haka na san abin da kike faɗa ciki da waje. Kafin kowa ya ba ki shawara, ki gaya mana yadda kike shan maganin, da wane lokaci, da abin da kike haɗa shi da shi. Ni shekarata ta farko gaba ɗaya da shayi mai madara nake haɗiye shi, ga burodi a ɗaya hannun, saboda babu wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Sai da wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni a bakin layi, sannan na san cewa ashe ina rage wa kaina maganin da hannuna.

Mai_Kemis_Zariya:
Tambayar Uwar_Biyu ita ce ta farko da nake yi wa duk wanda ya zo sayen wannan magani. Lebotairosin magani ne mai son ciki babu komai. Ko a kan yunwa ma, kashi 60 zuwa 80 cikin 100 ne kawai hanji ke tsotsewa, abinci kuma yana rage hakan. Ƙa'idar ita ce a sha da ruwa zalla, a jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a karya kumallo. Akwai kuma abubuwan da ke kama shi a cikin hanji su hana shi shiga jini, waɗanda ake so a bar tazarar awa huɗu tsakaninsu da shi: maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da ƙwayar kalsiyam, da farin ruwan nan da ake sha don ƙwannafi da gyambon ciki. Kofi da madara da nono da abincin waken suya irin su awara, su ma kada a kusanto da su lokacin shan ƙwayar. Ba a ce an haramta su ba, lokaci kawai ake rabawa.

Maman_Hanifa:
Innalillahi. Malam Mai_Kemis, ai ni tare nake haɗiye shi da maganin ƙarin jini kowace safiya, kuma da kokon da nake dama wa yara nake korawa, don in ban yi haka ba mantawa nake yi.

Bakatsine:
Ni a nawa fahimtar, duk ciwon tayirod daga rashin aidin yake, shi ya sa a da ake yawan ganin maƙoƙo a ƙauyuka. Malama ki tabbatar gishirin da kike girki da shi na leda ne mai aidin, ki yawaita cin kifi, da yardar Allah ƙululun zai farfaɗo ba sai kin dawwama a kan ƙwaya ba. Kakata ta yi maƙoƙo babba, kuma ba ta taɓa shan maganin asibiti ba har ta rasu.

Likitan_Ƙauye:
Malam Bakatsine, rabin maganarka gaskiya ce, amma ragowar rabin tana iya cutar da mai tambaya, don haka ka yi haƙuri in gyara. Gaskiya ne tayirod da aidin yake haɗa sinadarinsa, babban mutum na buƙatar kimanin maikurogiram 150 a rana, mai juna biyu kuma 250, kuma rashinsa shi ne babban abin da ya jawo maƙoƙo a yankuna irin su Filato da Binuwai da Kogi. Saboda haka ne Najeriya ta wajabta sanya aidin a cikin gishiri a 1993. Sai dai a inda aidin ya wadata, abin da ya fi raunana tayirod shi ne garkuwar jikin mutum ta juya ta riƙa yaƙar ƙululun da kanta har ta cinye shi a hankali. Ana kiran wannan cutar Hashimoto, da sunan likitan Japan da ya fara bayyana ta a 1912, kuma ta fi kama mata nesa ba kusa ba. Wanda nasa irin wannan ne, ko buhun gishiri ya cinye ƙululun ba zai dawo ba, hasali ma aidin da ya wuce kima yana ƙara dagula shi.

Malama Maman_Hanifa, bari in ɗan fayyace miki lambar da ke takardarki. TSH ba daga tayirod yake fitowa ba. Wani ƙululu ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yake aiko shi, kamar mai gona da ke ɗaga murya idan ya ga ɗan ƙodago ya yi sanyi da aiki. Idan lambar ta hau, alama ce tayirod ya gaza, idan ta sauka zuwa tsakanin 0.4 da 4 ko kusa da haka, ana ɗauka sinadarin ya wadata a jini. Taki ta sauko daga 28 zuwa 3.8, wannan ci gaba ne na haƙiƙa. Amma ki lura da abu ɗaya: an auna miki 75 ɗin nan ne alhali kina haɗa shi da maganin ƙarin jini da koko. Ranar da kika raba su, abin da ke shiga jininki zai ƙaru, don haka ki sanar da likitanki, a sake gwaji bayan mako shida zuwa takwas, domin sai an kai wannan tsawon lokaci jini ke daidaita a kan sabon yanayi.

Bakatsine:
Na karɓi gyara Likita, Allah Ya ƙara sani. Amma har yanzu ina ganin bai kamata a yi wasa da maganar gishiri ba, domin a kasuwanninmu ana juye shi a faranti a baza a rana, wani ma ba a san daga inda ya fito ba.

'Yar_Damagaram:
Tunda an taɓo abinci, ni ma ga tawa. Wata mai awo a nan Damagaram ta ce da ni mai wannan ciwo ya bar cin gero kwata-kwata. To mu a nan gero shi ne fura, shi ne tuwo, shi ne kunu. Idan na bar shi me zan ci? Wata uku na yi ina guje masa, ban ga wani canji ba sai rama da tsadar cefane.

Ɗan_Niyala:
Yaya 'Yar_Damagaram, maganar tana da tushe, amma an faɗaɗa ta fiye da yadda take. Mu da muka tashi a Darfur mun san maƙoƙo sosai, akwai ƙauyukan da za ka ga 'yan mata da yawa da kumburarren wuya, kuma masu bincike sun danganta abin da haɗuwar abubuwa biyu: ƙarancin aidin da dogaro da gero kusan shi kaɗai a matsayin abinci. Gero na ɗauke da wasu sinadarai masu rage wa tayirod ƙarfin sarrafa aidin, kamar yadda rogon da ba a jiƙa shi an sarrafa shi da kyau ba yake yi. Amma wannan matsala ce ta wanda ƙululunsa ke ƙoƙarin haɗa sinadarin da ɗan aidin da ya samu. Wadda ke shan lebotairosin ta riga ta karɓi sinadarin a haɗe daga ƙwaya. Abin kiyayewa a wurinki shi ne nonon da ke cikin furar, kada ki sha shi dab da ƙwayar.

Hajiyar_Fagge:
Ku dawo kan tambayar yarinyar nan ta biyu, domin ita ce mai haɗari. 'Yata, kada ki ajiye maganin nan. Ni na ajiye, kuma zan gaya miki abin da na gani da idona. Bayan shekara uku ina sha, sai na ji garau, na ce ai na warke, ga kuma wani mai maganin gargajiya da aka kai ni wurinsa ya ba ni garin da zan riƙa sha a kunu. Makon farko lafiya lau, na biyu lafiya lau, har ina gaya wa mutane cewa Allah Ya yaye mini. Ban san cewa maganin yana daɗewa a jini ba, sai ya yi mako guda kafin rabinsa ya fita, shi ya sa mai bari ba ya jin komai da wuri. A wata na uku fuskata ta kumbura, idanuna suka yi luhu-luhu, muryata ta dishe har jikokina suna ce mini ko mura nake yi. Ina zaune a kan dadduma bayan sallar la'asar barci zai kwashe ni da carbi a hannu. Ranar da ɗana ya gan ni ina ƙoƙarin ƙirga kuɗin cefane na kasa haɗa lissafin da na yi shekara arba'in ina yi, ranar ya sa ni a mota. Likitan bai mayar da ni kan adadin da nake sha a da kai tsaye ba, saboda shekaruna da hawan jinina, daga 25 ya fara yana ƙarawa kaɗan-kaɗan don kada zuciya ta wahala. Sai da na yi kusan wata shida kafin na koma yadda nake. Ban hana kowa addu'a da tofi ba, ni ma ina yi kullum, amma ƙwayata tana gefen gadona.

Abu_Safwan:
Ni ba ni da wannan ciwo, maiɗakina ce ke da shi, kuma na shigo ne saboda maganar surukar Malama ta taɓa ni. Da bakina na taɓa ce wa matata ta cika son jiki. Na dawo daga kasuwa na tarar ba a ɗora tukunya ba, tana kwance, na faɗi abin da har yau nake neman gafararta a kai. Da aka yi gwaji likita ya nuna mini lambar, ya ce mini mutumin da ke cikin wannan hali bugun zuciyarsa ma raguwa yake yi, hanjinsa ya yi nauyi, tunaninsa ya yi nauyi, ba ganin dama ba ne. Shawarata Malama, ki tafi da maigidanki asibiti ranar da za ki koma, ya ji da kunnensa, shi ne zai san yadda zai fahimtar da mahaifiyarsa cikin ladabi. Ke kika faɗa za a ce kare kanki kike yi, shi ya faɗa za a saurara.

Maman_Hanifa:
Na gode Hajiya, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Wallahi labarinki ya sa na fasa abin da na fara saƙawa a raina. Malam Abu_Safwan, maigidan yana ƙoƙari, shi ke sayo maganin, amma bai taɓa raka ni ba. Zan gwada.

Ungozoma_Gombe:
Ƙanwata, ina so in san yaushe gajiyar ta fara, kuma shekarar ƙaramar 'yarki nawa. Sannan yaya jinin al'adarki yake, kuma wa ya rubuta miki maganin ƙarin jinin? Ina tambaya ne saboda akwai kumburin tayirod da ke zuwa wa mata a cikin shekarar farko bayan haihuwa, kuma da yake mai jego dama an san ta da gajiya da zubar gashi, sai a yi ta cewa raino ne. Mafi yawan masu irin wannan suna warwarewa cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wasu kuma ya zauna musu. Akwai kuma wani daban da muke gani a wurin matan da suka zubar da jini mai yawa a wajen haihuwa, musamman waɗanda suka haihu a gida aka makara kai su asibiti: ƙululun ƙarƙashin ƙwaƙwalwar ne ke lalacewa, sai nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke, jiki ya yi ta mutuwa. Su TSH ɗinsu ba ya hawa, don haka idan shi kaɗai aka auna za a ce musu lafiyarsu ƙalau. Naki da ya kai 28 bai yi kama da wannan ba, na faɗa ne don wata mai karantawa.

Maman_Hanifa:
Anti, Hanifa tana da shekara biyu da wata ɗaya, kuma abin ya fara ne tana da wata huɗu ko biyar. Al'adata tana yin kwana takwas, da gudaji, tun bayan da ta dawo. Maganin ƙarin jinin kuwa ni na saya da kaina, ba a taɓa auna yawan jinina ba tun bayan haihuwa.

Likitan_Ƙauye:
To ga inda ya kamata a duba. Raunin tayirod da kansa yana sa jinin al'ada ya yawaita, yawan zubar jini kuma yana ƙarar da sinadarin ƙarfe a jiki, ƙarancin ƙarfe kuma yana kawo gajiya da zubar gashi da rashin tattara hankali, wato alamomin da kike ɗora wa tayirod. Ki nemi a auna yawan jininki da ma'ajiyar ƙarfen jiki, wanda ake kira feritin, in da hali a haɗa da bitamin B12 da sukari, domin masu cutar Hashimoto sun fi sauran mutane saurin samun ƙarancin B12. Yadda kike haɗa ƙwayoyin biyu kuwa, lebotairosin ne ke shan kashi.

Game da ko har abada ne, amsar ta danganta da sanadi. Wanda aka cire wa ƙululun ta hanyar tiyata, ko aka ƙone shi da aidin mai tururin nukiliya saboda ya yi yawan aiki, nasa na dindindin ne. Mai cutar Hashimoto ma galibi haka ne. Na bayan haihuwa yana iya wucewa, amma ke an same ki da 28 kusan shekara ɗaya da rabi bayan haihuwa, wannan ya fi karkata ga cewa ya zauna. Gwajin garkuwar jiki da ake kira anti-TPO zai taimaka wa likitanki ya yanke. Idan ma za a gwada ragewa, shi zai rage a hankali yana aunawa. Kuma kada kalmar har abada ta tsorata ki. Wannan ƙwaya kwafin sinadarin da jikinki ya saba yi ne. A 1891 wani likita a Ingila mai suna George Murray ya fara yi wa wata mata magani da ruwan da aka tatso daga tayirod ɗin tumaki, lokacin tana dab da halaka, kuma ta ƙara shekara 28 a duniya tana amfani da shi.

Baƙo_a_Ingila:
Likita, ina girmama bayaninka, amma ina jin an bar wani ɓangare. Akwai mutanen da aka duba musu jini da ƙarfe da komai, suna shan maganin a kan ƙa'ida, lambar ta yi kyau, amma ba su dawo yadda suke ba. Ana ƙiyasta su da mutum 5 zuwa 10 cikin 100 na masu shan maganin, kuma ni ina cikinsu. Lebotairosin nau'in sinadarin tayirod ne da ake kira T4, jiki ke juya shi zuwa wani nau'in mai suna T3 wanda shi ne mai aikin. Ni sai da ƙwararren likita a nan ya ɗan ƙara mini adadin har TSH ya sauko kusa da 1.5 sannan na ji sauƙi, wasu kuma ana gwada musu ƙarin ƙwayar T3 a ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Abin da nake so Malama ta riƙe shi ne 3.8 yana can saman iyaka, kuma tana da haƙƙin ta ce wa likitanta har yanzu ba ta jin daɗin jikinta.

Likitan_Ƙauye:
Ban ƙi ba Malam, tana da wannan haƙƙi, kuma likitoci da yawa sukan ɗan ƙara adadin ga matashiya mai sauran alamomi. Amma gwaje-gwajen da aka yi na haɗa T4 da T3 yawancinsu ba su nuna fifiko a kan T4 shi kaɗai ba, ga shi T3 ɗin yana da wuyar samu a nan, kuma yana da saurin tayar da bugun zuciya. Mace mai zubar da jini kwana takwas, wadda ba a taɓa auna yawan jininta ba, ba daga nan za a fara mata ba.

Baƙo_a_Ingila:
A kan tsarin farawa mun yi daidai. Inda muka rabu shi ne ni na ga mutane da yawa da aka sallama da kalmar komai daidai, suka koma gida suna zargin kansu.

Zainabu_Agadas:
Don Allah kada wanda ya karanta maganar ƙarin adadi ya je ya ƙara da kansa. Ni na yi, saboda ƙiba. Na ji an ce maganin yana rage nauyi, sai na mayar da 100 ɗina ya zama 200. Cikin wata guda barci ya ƙaurace mini, hannuna yana rawa ko kofin shayi ba na iya riƙewa da kyau, zuciyata tana bugawa kamar za ta fasa ƙirji, ga gumi ko da asuba. Likitar da ta duba ni ta ce da na ci gaba zai iya rikita bugun zuciyar ya kuma cinye mini ƙashi. Ta kuma gaya mini cewa nauyin da raunin tayirod ke ƙarawa yawanci bai wuce kilo 2 zuwa 5 ba, kuma mafi yawansa ruwa ne da gishiri da jiki ya riƙe. Sauran sai da tafiyar ƙafa da rage tuwon dare.

Uwar_Biyu:
Tunda Maman_Hanifa ta ce mantuwa ce ke sa ta haɗa su, ga yadda nake yi. Ƙwayar da kofin ruwa suna kusa da inda nake ajiye hijabin salla. Ina tashi asuba, kafin in yi alwala na haɗiye ta. Kafin a idar da salla, a yi azkar, a haɗa wuta, a dama koko, awa ɗaya ta wuce ba tare da na zauna jiran agogo ba. Maganin ƙarin jini kuma sai bayan azahar. Inda nake shan wahala shi ne watan azumi, domin in na tashi sahur a makare babu sararin jira.

Malam_Na_Tudu:
Ni da azumi nakan sha da ruwa da zarar an kira magariba, in tafi masallaci in yi salla, in dawo bayan rabin awa sannan in ci abinci. Ba ni da ƙarfin tashi awa ɗaya kafin sahur.

Hajiyar_Fagge:
Malam, wannan sai ku maza. Mace da ta wuni a gaban murhu, ga ƙosai ga kunun tsamiya a gabanta, a ce ta ƙara rabin awa? Ni lokacin kwanciya nake sha da azumi, bayan an dawo tarawihi, in na tabbatar abincin ya yi awa uku da shiga ciki. Likitana ya amince da hakan.

Mai_Kemis_Zariya:
Dukkan hanyoyin uku ana bin su, kafin sahur, ko da buɗa-baki a jinkirta abinci, ko lokacin kwanciya bayan awa uku da cin abinci. Abin da ya fi muhimmanci mutum ya zaɓi wadda zai iya riƙewa kullum. Bari in ƙara abu biyu da nake gani a shago. Na farko zafi da laima da hasken rana suna rage ƙarfin wannan ƙwaya, ana so a ajiye ta a inda bai wuce digiri 25 ba, mu kuwa a bazara muna haura 40. Kada a bar ta a cikin mota ko a kan taga ko kusa da murhu, kada kuma a ɓare ta daga fakitinta a zuba a leda. A nemi wuri mafi sanyi kuma busasshe a cikin ɗaki. Na biyu, idan ka saba da samfurin kamfani ɗaya, kamar Euthyrox, ka yi ƙoƙarin tsayawa a kansa, in kuma dole ta sa ka canza saboda ya yanke a kasuwa, ka sake gwaji bayan mako shida. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Masu shan ƙwayoyin gyaran gashi da farce kuma su sani yawancinsu na ɗauke da wani bitamin mai suna bayotin, wanda ke rikita sakamakon gwajin tayirod, don haka a dakatar da shi aƙalla kwana biyu kafin a ba da jini.

Ungozoma_Gombe:
Ƙanwata, saura abu ɗaya da ba zan yi shiru a kansa ba, tunda Hanifa ta isa yaye. Idan kina da niyyar sake haihuwa, ki gaya wa likita tun kafin cikin ya shiga, domin ana son TSH ya sauka ƙasa da 2.5 ga mai neman ciki. Ranar da kika tabbatar da ciki kuma, kada ki jira ranar awo, ki je a makon, saboda buƙatar jiki tana ƙaruwa da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin 100 tun a farkon ciki, kuma a watanni ukun farko ɗan tayi da sinadarin uwarsa kaɗai ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Na ga matan da suka daina shan maganin da suka ga ciki, wai kada ya taɓa jaririn, alhali barinsa ne ke jawo ɓari da haihuwar bakwaini. A wurin awo kuma za a ba ki maganin ƙarin jini da kalsiyam, ki tuna da tazarar awa huɗun nan.

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum, na dawo da bayani. Mun je tare da maigidan ranar Talata. An auna jinina an ce ya yi ƙasa, ma'ajiyar ƙarfen ma ta kusa ƙarewa. Likita ya canza mini maganin ƙarin jinin, ya ce in riƙa sha da rana, ya kuma tura ni wurin likitar mata saboda yawan jinin al'adar. Bai taɓa 75 ɗin ba, ya ce sai an sake gwaji bayan mako takwas. Gwajin anti-TPO kuwa ba a yi a asibitinmu, sai an aika jinin wani gari, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfinmu a wannan watan. Yau kwana goma ina bin tsarin Uwar_Biyu na asuba. Gaskiya har yanzu ina gajiya, jiya ma a zaune na ƙarasa darasin ƙarshe.

Baƙo_a_Ingila:
Allah Ya ƙara sauƙi. Ki riƙa rubuta yadda kike ji kowane mako a ɗan littafi, barci da bayan gida da jin sanyi da ƙarfin jiki, ki tafi da shi ranar gwajin. Idan jinin ya cika gajiyar ba ta tafi ba, ki tayar da maganar 3.8 ɗin nan.

Hajiyar_Fagge:
Kwana goma ai ba a fara ba 'yata, ƙarfen jiki sai ya ɗauki watanni kafin ya taru. Ki haɗa da hanta da zogale da wake. Ita surukar taki fa, ɗan nata ya yi mata bayanin?

Maman_Hanifa:
Ya yi mata Hajiya. Ba ta ce komai ba a lokacin, amma shekaranjiya ta aiko ƙanwarsa ta taya ni wanki. Ta kuma ce a tambayi likita ko ita ma za a duba ta, wai ta daɗe tana jin sanyi a ƙafafunta kuma muryarta ta canza.

'Yar_Damagaram:
A duba ta kam, tsofaffi da yawa suna da shi ana cewa tsufa ne. Ni ma na koma shan furata tun ranar da Ɗan_Niyala ya yi bayani, sai dai na mayar da ita ta rana. Likita, idan mutum ya manta bai sha ƙwayar da asuba ba har ya karya kumallo, ya sha a lokacin da ya tuna ne, ko ya bari sai dare?